Bidi, Dokin Ƙarshe Na Gidanmu

Ranar Alhamis ce, an gama yankan gero. Na fito daga masallaci na wuce barga kamar kullum. Na share kashin doki, na zuba harawa, na dama dusa da 'yar kanwa. Bidi ya sa baki yana ci, yana korar ƙuda da wutsiya. Gwaggo ta riga ta ɗora tukunyar ruwan jego. Bakwai saura kwata ke nan.

Sunana Isiyaku, manomi ne ni. Ƙauyenmu yana kudu maso yamma da Jibiya. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai masu komawa noma da rana. Mu bakwai ne a gida: Baba, da yayarsa Gwaggo Hansai, da ni da matata Rabi, da ƙanena Sule da matarsa Hadiza, sai jaririn da Rabi ta haifa ranar Asabar. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, 'ya'ya uku muka binne tun suna cikin zane. Wannan ne na huɗu. Ko suna ba a yi ba.

Bidi shi kaɗai ne dokin da ya rage a ƙauyen. Kowa ya sayar da nasa ya sayi mashin, Baba ya ƙi. Jinin dokin da kakansa ya yi yaƙi a kai ne, zamanin da Katsina da Maraɗi suke kai wa juna hari. A lokacin, in ji Baba, ƙasarmu hanyar kofato ce. Da an gama kaka ƙasa ta bushe sai a fara sa kunne. Mai doki shi ke kora, marar doki shi ake kora. Doki ɗaya mai kyau, in ji shi, sai a ba da mutane da yawa kafin a same shi. Yana ci kafin mai shi ya ci, in ya faɗi a fagen fama a yi masa kuka kamar ɗan'uwa.

Abu biyu kakan ya bari, mashi da lifidi. Lifidi rigar yaƙi ce ta doki, an cusa mata audugar rimi an ɗinke layi-layi, tana sauka har gwiwa. Kibiya ba ta huda ta. Wuta kaɗai take tsoro. Kowace shekara bayan kaka Baba yakan fito da ita ta sha rana saboda gara. Ranar ce ya zaɓa. Muka kama ni da shi muka shimfiɗa ta a jikin rumbu. Ya zauna kan turmi yana duba ɗinkin, sandarsa a gefe, don ƙafarsa ta dama ta daɗe da mutuwa.

Ƙarfe takwas Sule ya tafi masussuka. Takwas da rabi Hadiza ta ɗauki jarka biyu ta nufi famfo.

Tara da 'yan mintoci Bidi ya daina ci. Ya ɗaga kai, kunnuwansa suka miƙe suka fuskanci yamma. Ya fara tonon ƙasa da kofato. Baba ya bar duban lifidi ya dubi doki. Ni ban ji komai ba tukuna. Can sai na jiyo wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a nesa. Gunjin ya ƙaru, ya rabu gida biyu, wani ta yamma, wani ta kudu.

Harbin farko daga wajen famfo ya fito. Ɗaya tak. Sai shiru kamar na numfashi biyu. Sai aka buɗe wuta gaba ɗaya.

"Ga su nan! Ɓarayi! Ku gudu!"

Na ruga na leƙa ta tsagar darni. Lungun gidanmu miƙaƙƙe ne har famfo. Na ga mashina, kowane da mutum uku, fuskoki a naɗe. Na ga mata sun watsar da jarkoki. Na ga maƙwabcinmu mai sayar da ƙuli ya fito daga zaurensa da buta a hannu, aka harbe shi a wuya, ya zauna a ƙasa butar na zuba a cinyarsa.

"Kwanta! Kowa shi kwanta!" Muryar ɓarayin ke nan.

Sai ga Sule daga gabas. Kowa na gudu daga famfo, shi yana gudu zuwa famfo. Sandar sussuka ce a hannunsa. Yana kiran Hadiza da sunanta, abin da ban taɓa ji ya yi a gaban mutane ba. Wani da ke bayan mashin ya juyo, ko sauka bai yi ba. Ya harba sau biyu. Sule ya faɗi rubda ciki. Takalminsa ɗaya ya fita. Ya ja jiki kamar taku biyu, ya tsaya.

Ban fita ba. Ina faɗa ne don shi ne gaskiya. Hannuna na riƙe da karan darni, na kasa saki.

Sandar Baba ce ta sauka a gadon bayana.

"Kwance Bidi! Aza mashi mai jego da Hansai!"

"Baba, kai hwa?"

"Doki ba ya ɗaukar uku. Tsaga darni ta baya. Bi gulbi, kak ka hau tudu. Yashi ba ya ɗaukar mashin. Tahi!"

Bidi bai taɓa jin bindiga kusa haka ba. Ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya, ya kusa tumɓuke turke. Baba ya daka tsawa in rufe masa ido. Na tuɓe rigata na yafa masa a fuska, ya sauko yana rawar jiki. Babu lokacin sirdi, babu na linzami. Na jefa bargo a bayansa. Na shiga ɗaki na sungumo Rabi. Da na aza ta ta yi wata ƙara ta cije leɓe. Gwaggo ta ɗaure mata jaririn a ƙirji da zane, na ɗaga Gwaggo na sa ta a baya ta rungume su.

Na waiwaya sau ɗaya. Baba ya ɗauko mashin kakansa daga ɗaki. Ba riƙe shi ya yi irin na faɗa ba. Ya tura ƙofar zaure, ta langalanga ce, ya gitta mashin a matsayin sakata, ya zauna ya jingina bayansa da ƙofar. Ya yi mini alama da hannu kamar mai korar kaji.

Na tsaga darni ta bayan rumbu. Daga nan zuwa gulbi fili ne fetal, gonar gero da aka yanke, ba abin fakewa. Na riƙe ragama na cire rigar daga idonsa muka ruga. Kututturen gero suna yankar ƙafata, ban ji ba sai daga baya.

"Ga doki can! Ga doki can!"

Ƙasa ta riƙa tsalle a gabanmu da gefenmu. Wani abu ya wuce kunnena da fito. Bidi ya zabura ya kusa fizge ragamar, na ɗauka tsoro ne. Muka gangara gaɓa. Gulbin ya ƙafe, yashi ne zalla. Mashin biyu suka biyo mu. Na farko yana shiga yashi ya nutse, tayarsa na juyawa a banza, suka faɗi su uku suna zagi. Na biyu ya tsaya a bakin gaɓa ya yi harbi har muka sha kwana.

A lokacin ne na jiyo dukan ƙofa daga wajen gidanmu. Langalanga ba ta ɓoye ƙararta. Aka daka, aka daka. Sai harbi uku, a rarrabe. Gwaggo ta ce, "Inna lillahi." Na duba waya, tara da rabi. Babu sabis.

Ƙarfe goma muka kai wani lanƙwasa inda ruwa ya ci gindin gaɓa, sarƙaƙiya ta rufe bakin. Na jiyo gunjin mashina yana biyo gaɓa ta sama. Na tura Bidi cikin ƙayar, muka lafe. Baba ya sha gaya mana yadda 'yan leƙen yaƙi suke toshe hancin doki da tafin hannu don kada ya yi haniniya. Na yi haka. Numfashinsa da zafi yana fita ta tsakanin yatsuna. Rabi ta cusa wa jaririn nono a baki.

Shanu suka fara wucewa, ana korarsu da harbi a sama. Ƙasa na zubo mana a ka. Sai mashinan, ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu na ga Hadiza. An sa ta tsakanin mutum biyu, babu kallabi, bakinta a fashe. Ta sunkuyo da kai, idonta ya faɗa cikin ƙayar. Ta ga doki. Ta gan ni. Sai ta juyar da fuskarta can ɗaya ɓangaren, ta kafe ido a kan gonaki, har suka wuce.

Mun daɗe ba mu motsa ba. Da ƙarar ta mutu muka fito muka miƙe arewa. Uwar Rabi tana wani ƙauye a ƙetaren iyaka, kusa da Ɗan Isa. Hanyar Jibiya ta tudu ce, can suka bi. Ba mu da wata sai gulbi.

Tafiya a yashi ba ta sauri. Rana ta take. Bayanmu hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, a wuri ɗaya, sannan a wurare da yawa. Wasu mutanen ƙauyenmu suka riƙa fitowa daga cikin ƙaya suna bin sawunmu. Babu wanda ya gai da wani. Babu wanda ya tambayi wani ina nasa.

Sha biyu ta wuce na lura da jini. Bargon ya jiƙe ta hagu, yana ɗiga a yashi. Rabi ta yi fari fat, idonta a lumshe. Na san abin da jini yake yi wa mai jego, shi ya ɗauki uwata. Na tsayar da Bidi ƙarƙashin wani gawo da ya karkato kan gulbi, na sauke su. Gwaggo ta kai Rabi bayan itacen ta duba ta. Ta fito tana goge hannu a zane.

"Ba nata ba na."

Na ɗaga bargon. Rami ne ƙarami a kwiɓin Bidi, daidai bayan inda ƙafar Gwaggo take. Bai fi kan yatsa ba. Babu mafita ta ɗaya gefen. Tun daga gonar gero yake ɗauke da harsashin. Na yi hamdala a fili, da ƙarfi, a gaban dokin. Na yaga hannun rigata na toshe ramin. Fatarsa ta yi rawa, bai yi harbi ba.

Na tona yashi da hannu har zira'i guda, ruwa ya tsattsafo. Na ba Rabi da tafi, na ba Gwaggo, na buɗa ramin yashin, Bidi ya sa baki. Kaɗan ya sha. Na yi azahar a nan, ban san me na karanta ba.

Da na sallame Gwaggo na zaune tana duban gulbin, hanyar da za mu bi.

"Ta cikin gulbin ga anka zo da kakata," in ji ta.

Na ce wace kaka.

"Uwar ubanmu. Daga can anka kamo ta, wajen Maraɗi. Taz zo ɗibar ruwa. Kakanmu yaɗ ɗaure hannunta da igiya, yaɗ ɗaure igiyar ga sirdi. Shi bisa, ita ƙasa. Kwana biyu. Na ga tabon ga hannunta, ni ka shahwa mata mai. Har tam mutu, in doki ya yi haniniya sai ta aje abin da ag ga hannunta."

"Baba bai taɓa hwaɗi ba."

"Ubanka labarin doki yar riƙe. Ni na tsohuwa nir riƙe. Tashi mu tahi."

Gwaggo ta ƙi hawa. Ta ce a rage masa nauyi. Mace mai shekara fiye da tamanin ta taka yashi da ƙafarta har wajen ƙarfe uku, sannan ta durƙushe. Na goya ta. Rabi ta riƙe gezar Bidi da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan jariri. Ban ƙara jan ragama ba, shi yake bina. Ina jin numfashinsa a bayan wuyana, yana ƙara gajarta. Wani lokaci ya yi tuntuɓe, ya gyara. Kumfar bakinsa ta koma ja.

La'asar sakaliya muka bar gulbi muka hau tudu. Ga kwalta. Ga manyan motoci sun yi layi har shingen iyaka. Ga tutoci biyu. Na jiyo wani yana tallar ruwan sanyi, wata rediyo tana waƙa.

Saura kamar taku ɗari mu kai kwalta Bidi ya tsaya. Ya durƙusa da ƙafafun gaba, a hankali. Ya tsaya a haka. Na sauke Gwaggo na ruga na ɗauke Rabi da jariri. Sannan ya kwanta ta gefen da ba ramin. Ban ce ya sani ba. Abin da na gani ke nan.

Direbobi suka taru. Wani ya zuba masa ruwa a ka. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Yana shure-shure, idonsa a buɗe, ƙuda sun fara sauka. Wani dattijo ya sauko daga amalanken shanu ya tsuguna ya taɓa cikin, ya buɗe leɓen ya duba dasashi. Daga baya na san sunansa Malam Idi, mutumin ƙetare ne, ya yi kiwon dawaki da ƙuruciya.

"Naka na?"

"Na ubana na."

"Ɗana, hanji ya hudu. Kak ka bar shi shi wahala."

Ya zaro wuƙa daga kube ya miƙo mini ta ƙota. Mutum huɗu suka taimaka muka juya kansa gabas. Wani ya danne ƙafafu. Na sa gwiwa a wuyansa, inda nake sosa masa kowace safiya. Na yi bisimilla. Fatar doki da kauri, sai da na maimaita. Jinin ya feso mini har ƙirji, da ɗumi. Ya yi shuri uku. Na riƙe kansa har ya saki.

Malam Idi ya kwance ragamar ya sa mini a hannu. Direbobi suka ɗaura igiya suka ja shi zuwa wani rami da aka ɗebi ƙasar hanya, suka tura masa ƙasa da shebur. Ban san sunan ko ɗayansu ba.

A amalanken Malam Idi muka ƙetare. A shingenmu ma'aikacin ya dube ni, ba riga, jini har wuya, ya ɗaga mana sandar shingen. A nasu shingen wani jandarma ya miƙo wa Rabi gorar ruwa ya ce a wuce da ita gidan likita tukuna. Aka yi mata allura. Kafin magariba tana ɗakin uwarta, jaririn na kuka da ƙarfinsa.

Ranar Asabar muka koma, mu mazan da suka tsira, da rakiyar sojoji. Ƙofar zaurenmu na rufe yadda Baba ya bar ta. Rami uku a langalangar, a jere. Mashin kakan Baba ya lanƙwashe amma bai fita ba. Ta darni suka shiga. Baba na zaune a inda na bar shi, kansa a kan ƙirji. Rumbu ya ƙone da gero. Lifidin ya zama baƙin ɓawo manne da ƙasa, in ka taɓa sai ya ruguje. Sule wani ya rufa masa buhu. Muka binne su kusa da juna, da sauran na ƙauye, a layi ɗaya. Sojoji suka ce mu gama kafin azahar.

A ranar aka raɗa wa yaron suna a ƙetare, ba na nan. Kawun Rabi ne ya tsaya. Sunan Baba aka sa masa, muna kiransa Abba. Yanzu yana tafiya. Gwaggo na nan da rai, ba ta cika magana ba. Hadiza har yau babu labari. Uwarta takan zo duk ranar kasuwa ta tsaya a bakin shinge tana duban matan da ke saukowa daga mota.

Ranar addu'ar bakwai Malam Idi ya zo ta'aziyya. Bayan an shafa ya matso kusa da ni. Ya ce tun ranar yake tunanin dokin nan. Faɗin ƙirjinsa da tsawon wuyansa ba na dawakin yanzu ba ne. Ya ce in gaya masa asalinsa.

Na fara lissafi da yatsa. Bidi. Ubansa Akawal, wanda na koyi hawa a kansa. Uban Akawal, Danda. Uban Danda, Kili mai tabo a goshi. Na tsaya.

Baba tara yake ƙirgawa, har zuwa na yaƙin. Kowane da launinsa, da halinsa, da inda ya mutu. Sule ne yake zama ya saurara, ya haddace su duka. Ni kullum ina da aiki a gona. Na leƙa ɗaki na tambayi Gwaggo. Ta ce ita ba ta taɓa riƙe sunan doki ba.

Malam Idi ya jira, yatsuna huɗu a lanƙwashe. Da ya ga ba na biyar sai ya dafa kafaɗata, ya ce Allah ya jiƙan su, ya tashi.

Saura biyar. Babu wanda zan tambaya.